Gargaɗi kan wani mai sayar da wayar lasifika a Jidda

Riyal 1,800 na ba mutumin nan a kan waya mai tsawon mita shida, kuma har yanzu idan na tuna yadda na ƙirga masa kuɗin da hannuna sai raina ya ɓaci. Shekara goma sha ɗaya ina haɗa lasifika a wuraren walima da saukar karatu tsakanin Makka da Jidda, saboda haka kada wani ya ce rashin sanin sana'a ne ya jawo mini.

Da Hausa ya tarbe ni, ya ce, “Alhaji, ai kai na gida ne, ba zan ba ka kayan banza ba.” Wannan maganar ce ta kwantar mini da hankali. Ya kunna karatu da wayar lasifikata ta riyal 60, sannan ya zagaya bayan amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya sauya da tasa, sai na ji murya ta cika shagon. Ya ce tsantsar jan ƙarfe ce, bakinta zinariya. Sai daga baya na tuna cewa hannunsa yana kan maɓallin ƙara sauti lokacin da yake sauyawar, kuma duk mai wannan aiki ya san kunne yakan ɗauki sauti mai ƙarfi a matsayin mai kyau.

A gida na sa ƙanena ya riƙa sauya wayoyin biyu ina juya baya, sau goma, ban iya bambance su ba. Kafin nan ma wani mai gyaran rediyo ya gaya mini cewa a gajeren nisa kauri da tsawon waya ne abin lura, zinariyar baki kuwa tsatsa kawai take hanawa, domin jan ƙarfe ya fi ta ɗaukar lantarki. Shi ne ya kankare bakin wayar da wuƙa a gabana, sai ga farin alminiyum a ƙarƙashin jan fenti. Riyal 1,800 a kan alminiyum!

Na koma shagon sau biyu, ya ce kayan da aka yanka ba a mayarwa, alhali tun ranar sayen ya hana ni rasit, ya ce tsakaninmu ba sai da takarda ba. “Na gida ne,” haka ya ce, yana dafa kafaɗata. Hoton wayar da saƙonninmu na WhatsApp suna nan, zan sa su gobe in Allah ya yarda.

Kada ku biya ba rasit, kuma ku riƙe maɓallin sautin da kanku lokacin gwaji.