Wata tara ina zuwa gashin ƙashi bayan tiyatar gwiwa

Jijiyar da ke can tsakiyar gwiwata ta dama, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ACL, ta tsinke ne a filin ƙwallo ba tare da kowa ya taɓa ni ba. Na kafa ƙafa zan juya, sai na ji wata ƙara daga ciki, gwiwar ta saki, kafin dare kuma ta kumbura suntum. Bayan hoton MRI, wanda ke nuna cikin gwiwar, da tiyatar da aka yanko wani sashe na jijiyar bayan cinyata aka dasa a gurbin wadda ta tsinke, likitan ƙashi ya sallame ni da cewa shi ya gama nasa, sauran aikin yana hannun masu gashin ƙashi, inda zan riƙa zuwa ina komawa gida ba tare da an ba ni gado ba. Wurare biyu na je, kuma a kan na biyun nake son yin magana, sai dai ba za a gane darajarsa ba sai an ji yadda ta kasance a na farko.

Na farkon ya fi ɗaukar ido nesa ba kusa ba, domin ko'ina na'urori ne masu fitilu, ga gadaje a jere an raba su da labule. Duk zuwan da na yi, abu guda ake maimaita mini: a kwantar da ni, a manna mini wayoyin lantarki a gefen gwiwa na minti 20, a shafa wani mai a goga na'urar da ke aika sauti cikin tsoka, a ɗora ƙanƙara, a ce in dawo jibi. Ma'aikaci ɗaya ne ke zagaya mutum huɗu ko biyar a lokaci guda, kuma cikin mako uku babu wanda ya auna iyakar lanƙwasar gwiwar ko miƙewarta. Ina ganin har da laifin sunan da muke kiran aikin da shi, domin wanda ya ji an ce gashin ƙashi sai ya zaci ɗumama wurin ciwo shi ne maganin, ya kwanta yana jiran na'ura ta warkar da shi. Ni ma haka na zata, har sai da likitan da ya yi mini tiyata ya duba ni ya ga ƙafar ba ta miƙewa sosai, ya ɓata rai.

A wuri na biyu, ranar farko kusan awa guda aka yi ba a kunna ko na'ura ɗaya ba. Likitar da ta karɓe ni ta fara neman takardar bayanin tiyatar, domin ta san daga ina aka ɗebo jijiyar da aka dasa da kuma ko an ɗinke guringuntsin gwiwar, tunda kowanne yana da ƙa'idarsa wajen ɗora nauyi da lanƙwasawa. Daga nan ta matsa sha-raɓata tana tambayar ko akwai zafi ko kumburi a wurin, ta ce bayan tiyatar ƙafa ana tsoron daskarewar jini a jijiyar jini, kuma idan na ga haka in nufi asibiti kai tsaye, kada in jira ranar zuwa wurinta. Sai ta ɗauko wani ma'auni na roba mai hannu biyu kamar almakashi, ta ɗora tsakiyarsa a gefen gwiwata, ta ce saura digiri 8 ƙafar ta miƙe sarai, lanƙwasawa kuma ta tsaya a 85. Ta zagaya cinyoyina biyu da tef irin na tela, ta nuna mini da yatsa yadda ta dama ta rame, ta rubuta komai a fayil. Tambayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta ƙarshe, cewa tafiya ba ɗingishi kawai nake nema ko kuwa komawa fili, domin hanyar ba ɗaya ba ce.

Makonnin farko duk a kan miƙe ƙafar suka ƙare, kuma ba zan ce da daɗi ba. Takan ɗora diddigena a kan tawul da aka naɗe, ta bar gwiwar tana reto a iska har nauyinta ya ja ta ƙasa, ina cije leɓe ina kallon agogo. Ta yi amfani da lantarki ita ma, amma ba don in yi barci ba: tana kunna shi a kan tsokar gaban cinya ne daidai lokacin da nake ƙoƙarin ɗaure tsokar da kaina, saboda bayan rauni da kumburi wannan tsoka kan ƙi amsa umarni. Bayan haka aka shiga keken da ba ya tafiya, da hawa ɗan akwati da sauka, da tsayuwa a ƙafa ɗaya a kan katifar soso, sannan ɗaga nauyi da ake ƙarawa kaɗan-kaɗan. Abin da na fi yabawa shi ne idonta ba ya barin ƙafata. Da zarar gwiwar ta karkata ciki yayin da nake durƙusawa, sai ta tsayar da ni a gaban madubi ta ce, "Malam, dubi inda gwiwarka take, dubi inda yatsunka suke, sake daga farko."

Wurin yana da nasa aibin. Ɗakin atisayen a buɗe yake, kowa yana ganin kowa, wanda hakan zai takura wa mai kunya, ko da yake akwai ɗaki guda na sirri ga wanda ya nema. Samun lokacin safe ko na yamma yana da wuya ƙwarai, kuma sau biyu da likitata ta yi tafiya aka haɗa ni da wani wanda bai karanta fayil ɗina ba, ya mayar da ni atisayen da na wuce tun wata guda baya. Takardar atisayen gida ma zanen hannu ne da ba a gane shi sosai, sai da na roƙa aka bar ni na ɗauki bidiyon kaina a waya. Wanda zai biya ta hanyar inshora kuma gara ya tambayi adadin zuwan da aka amince masa tun ranar farko, don nawa ya ƙare a tsakiyar aiki, kuma babu wanda ya faɗa mini sai da na iso teburin karɓar baƙi.

A wata na biyar na fara sassarfa, gwiwar ba ciwo ba kumburi, sai na ce wa likitata abokaina suna jirana a fili. Ta ƙi, ba tare da wani kwana-kwana ba. Ta bayyana mini cewa rashin ciwo ba ya nuna jijiyar da aka dasa ta gama ƙarfi, cewa galibi ba a son mai irin wannan tiyata ya koma wasan da ake juyi da birki kafin wata 9, kuma ko watannin sun cika sai ƙarfin ƙafar da aka yi wa aiki ya kai aƙalla kashi 90 cikin 100 na mai lafiyar. Na ji haushi a ranar, har na yi tunanin ko so take ta ƙara yawan zuwana, amma sai ga shi ita ce ta rage shi zuwa sau ɗaya a mako biyu, ta ce ragowar aikin ɗaga nauyi ne da zan iya yi a ko'ina.

Wanda ya yi targaɗe mai sauƙi a idon sawu mai yiwuwa ba ya buƙatar duk wannan, amma mai raunin jijiya ko wanda ya fito daga tiyatar gaɓa, zan tura shi nan ba tare da shakka ba, da sharaɗin ya dage a bar shi da likita ɗaya. A wata na tara likitata ta shimfiɗa tef a ƙasa, ta sa na yi tsalle da ƙafa ɗaya in dira in tsaya cak, sau uku a hagu, sau uku a dama. Ta dama ta kai kashi 86 cikin 100 na ta hagu, don haka ta ƙara mini mako shida, ta rubuta ranar gwaji na gaba a bayan katina.