Kafin ka ƙona datarka wajen sauke manhajar rubuta kod ta kyauta

Ƙanena ya sayi laptop ta hannu mai ram 4GB yana so ya fara koyon Python, wato wani yaren rubuta kod, wani ya ce masa ya sauke Visual Studio, yaron nan ya kwana yana saukewa, data ta ƙare tsaf, da ya buɗe kuma fankar kwamfutar sai kuka take kamar injin markaɗe, daga baya muka gane ashe VS Code ake nufi. Suna kusan ɗaya amma abu biyu ne, duk na Microsoft.

VS Code ta fito 2015, kyauta ce gaba ɗaya ko sana'a kake da ita, bata da nauyi, tana hawa Windows da Linux da Mac. Matsalarta ɗaya, a tsirara take zuwa, kai zaka ɗora mata abin Python ko na C++ da hannunka, sabon shiga yakan ruɗe a nan kwana biyu. Duk da haka in ram ɗinka bai kai 8GB ba ni dai ita nake cewa a ɗauka.

Visual Studio Community kuwa ta masu yaren C# da tsarin .NET na Microsoft ce, tun 2014 ake bayar da ita, kuma gaskiya kusan duk abin da mai koyo yake buƙata yana ciki. Inda mutane basa dubawa shi ne lasisi. Kai kaɗai, ka rubuta ka sayar babu mai ce maka kanzil, ƙaramin kamfani an yarda mutum biyar su yi aiki da ita, amma kamfanin da ya wuce kwamfuta 250 ko yake samun sama da dala miliyan 1 a shekara sai ya biya. Kuma Windows kawai, ta Mac an rufe ta a 2024.

Na kamfanin JetBrains nan ne ya kamata ka nutsu. PyCharm ta Python da IntelliJ IDEA ta yaren Java suna da ɓangaren kyauta mai kyau sosai wanda ko kuɗi kake nema da shi ya halatta, sai dai cikakken taimakon Django, abin haɗa shafin intanet da Python, yana ɓangaren kuɗi. WebStorm ta masu haɗa shafin intanet da Rider ta masu C# kuma an sake su kyauta a 2024 amma da sharaɗin ba na kasuwanci ba, wato ranar da wani ya biya ka kuɗin haɗa masa shafin shagonsa to ka fita daga sharaɗin, ni wannan yafi damuna saboda yaranmu da yawa da irin wannan aikin suke fara samun na kashewa. In kai ɗalibi ne ka nemi lasisin ɗalibai nasu, kyauta ne ana sabuntawa duk shekara, shima na karatu ne kawai.

Android Studio, ta haɗa manhajojin wayar Android, babu na kuɗi ma sam, ram ɗinka ne zai biya, ka jona wayarka da kebul ka gwada aikin a kanta maimakon wayar bogi ta cikin kwamfuta.

Sai SQL Server Express, manhajar ajiye bayanai ta Microsoft, daga na 2008 R2 zuwa na 2022 10GB ne iyakar kowane rumbun bayanai, ya ishi kemis ko ƙaramar makaranta shekaru, in kana ganin aikin zai girma ka fara da takwararta PostgreSQL tun yanzu, ita bata da wannan iyakar.

Ƙanen nawa dai mun goge wancan mun sa masa VS Code, yanzu haka yana kan darasin madauki, wato maimaita umarni a kod.