Tsohuwar wayar tagulla ko zaren faiba: wanne ya dace da gida a Yamai?

Tsohon layin intanet na gida, wanda ake kira ADSL, yana bin wayar tarho ta tagulla, irin wadda kamfanin tarho na Sonitel ya shimfiɗa kafin a haɗe shi da kamfanin salula na SahelCom a 2016 a kafa Niger Télécoms. Amfaninsa shi ne gidan da yake da layin tarho tun da can ba ya buƙatar sabon aiki mai cin kuɗi. Sai dai ƙarfinsa yana raguwa gwargwadon nisan gida daga cibiyar tarho, kuma ko a kusa ba ya wuce megabit 24 a daƙiƙa, yayin da aika hoto ko bidiyo ya fi saukar da su jinkiri ƙwarai. Da damina kuwa, laima da tsawa sukan taɓa tagulla.

Faiba tana ɗaukar saƙo da haske cikin zaren gilashi, don haka nisan unguwa ba ya rage mata gudu, ɓarayin tagulla ma ba su da abin yi da ita. Nauyinta yana wajen kuɗin jawo zaren zuwa gida, kuma ba kowace unguwa ta kai ba. Masu haƙar rariya ma sukan tsinka ta. A ganina, gidan da ɗalibai da masu aiki suke hawa intanet lokaci guda, faiba ta fi masa riba.

Dukansu biyu dai akwatin intanet ɗinsu na cikin gida kuran yake sha, saboda haka a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da wuta take yawan ɗaukewa, wanda ba shi da batir ko sola sai ya koma ga 4G na salularsa.