Makullin Mota a Jikin Ƙusa

Assalamu alaikum mutanen Maraɗi, na gida da na waje. Tun da na sa hotona a gaban ƙaramin jirgi waya ba ta huta ba, kowa na taya ni murnar arziki. Na gode, amma a rage zato. Jirgin Cessna 172 ne ƙirar 1978, mai kujera huɗu, kuma mu huɗu muka haɗa kuɗi muka saye shi. Ni dai har yanzu direban tirela ne a Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, inda na shekara 19. Na fara koyon tuƙin jirgi ina da shekara 46. Abin da ya zaunar da ni rubutu wani dare ne da ya ƙi fita daga raina.

Wata Lahadi cikin Oktoba na taso daga bakin teku zan koma gida, ni kaɗai. Rana na shirin faɗuwa sai hadari ya haɗo ta yamma, baƙi ƙirin, daidai kan hanyata. Malamina ya sha gaya mini ba a jayayya da hadari a ƙaramin jirgi. Na duba taswira na ga wani ɗan filin jirgi a gefen wani ƙauye, na karkata. Filin ba hasumiyar masu ba jirage umarnin sauka da tashi, ba ma'aikaci. Na yi kira ta rediyo, na faɗi lambar jirgina da niyyata, shiru. Duhu ya fara rufe ƙasa. Sai na yi abin da aka koya mini: na latsa maɓallin magana sau 7 cikin daƙiƙa 5. Wallahi ina kallo, fitilun titin jirgi suka kama reras, layi biyu a tsakiyar daji. Haka aka tsara su, matuƙi ne ke kunna su daga sama, bayan minti 15 su mutu da kansu.

Na sauka, na gangara wajen famfon mai. Nan ma ba kowa. Na maƙala wayar da ke hana tartsatsi a jikin jirgi, na sa katin banki, na zuba mai da hannuna, rasit ya fito. Akwai ɗan ofis a kulle, an rubuta a ƙofar cewa lambar buɗewa ita ce lambar tashar rediyon filin, wadda duk matuƙin da ya sauka ya sani. Na danna, ta buɗe. Ciki ga fitila, ga kujerar kwanciya, ga ban ɗaki tsaf da sabulu da ruwan zafi. Na yi alwala na yi magariba, ruwan sama na dukan kwano.

Da na sallame ne idona ya kai bango. Makullin mota rataye a jikin ƙusa, ƙarƙashinsa littafi da biro a ɗaure da zare, da ƴar takarda: motar ta baƙi ce, rubuta sunanka da lambar jirginka, ka zuba mai kafin ka maido. Shi ke nan. Ba jingina, ba mai tsaya maka, ba "ɗan wa ne kai a garin nan". Na leƙa waje, ga ta can, tsohuwa ce amma tayoyinta huɗu lafiya lau, tanki ya haura rabi. Na buɗe littafin, shafi bayan shafi na sunayen mutanen da ba su san juna ba, na farko ya yi shekara shida.

Na daɗe a tsaye da makullin a hannu. Ni baƙo ne, baƙar fata, da hular salla a kai, cikin dare, a ƙauyen da ba wanda ya taɓa jin sunan Nijar. Na tuƙa motar na shiga gari, na ci abinci, na kwana a masauki, da asuba na cika mata tanki na mayar da makullin kan ƙusarsa. Har na tashi ban ga mutum ko ɗaya a filin ba.

Tun daga ranar nake juya abin. Kada wani ya ce mini mu ba mu da amana. Na tashi na ga alhazan Maraɗi suna ba mutum kayan miliyoyin sefa da fatar baki, ya tafi Kano ko Agadas, wata uku ya dawo ya cika alkawari. Nan Amurka ba wanda zai yi maka haka, ko ɗan uwanka sai ya ce a sa hannu. Amanarmu ta wanda muka sani ce, wanda muka san gidan ubansa. Amma kayan da aka ce na kowa ne, nan muke faɗuwa. Ku faɗa mini tsakani da Allah, in aka rataye makullin nan a tasha, kwana nawa motar za ta yi da batirinta? Famfon unguwa ya lalace, kowa ya ɗauki jarkarsa ya wuce na gaba. Fitilar titi mai aiki da hasken rana, kafin damina biyu an kwance ta. Kuma masu yin hakan muna sahu ɗaya da su a masallaci. Wannan yana ci mini rai, don na san tarbiyyar da aka yi mana ta fi ƙarfin haka.

Sai dai kada ku ɗauka komai a nan zuma ne. Wanda ya ce zai koyi jirgi bayan arba'in ya shirya shan wuya. Kafin ma in taɓa sitiyari sai da hukumar tsaron sufuri ta ɗauki hoton yatsuna ta bincike ni, doka ce a kan duk wanda ba ɗan ƙasa ba tun bayan harin 11 ga Satumba 2001. Sai likita. Wanda bai kai 40 ba takardar lafiyarsa na yin wata 60, mu da muka haura wata 24 kacal, kuma ni ga hawan jini, sai da na kawo shaidar maganin da nake sha. An rubuta a takardata cewa dole tabarau su kasance tare da ni. Jarrabawar rubutu tambaya 60 ce, ana neman kashi 70, na yi wata huɗu ina bita a wuraren hutun direbobi, yara ƴan shekara 19 suna gamawa cikin mako uku.

Abin da ya fi ba ni wahala rediyo ne. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, muka tsinci Ingilishi a bakin aiki, sai ga mai hasumiya yana zubo lambobi da harshen mutanen kudu, kamar ana zazzage gyaɗa a kwano. Dole ka maimaita masa abin da ya ce daidai, hannunka ɗaya a totur, ido a waje. Sau da yawa na sauka rigata sharkaf. Doka ta ce awa 40 ta koyon tashi ta isa a shiga jarrabawar tuƙi, ni sai da na yi 78, kuma kowace awa kusan dala 200 tsakanin hayar jirgi da ladan malami. Dalar Amurka nake nufi. Uwargida ta yi haƙuri da ni shekara biyu, Allah ya saka mata.

Mallakar jirgin kuma wata makaranta ce. Ko ya tashi ko bai tashi ba yana cin kuɗi: inshora, kuɗin wurin ɗaurewa, ga rumfar ajiya da muka yi rajista shekara biyu ba mu samu ba, rana da ƙanƙara na cin fenti. In ya tashi yana shan kusan lita 30 a awa, na wani mai daban mai launin shuɗi. Kowane wata 12 dole bakanike mai lasisi ya kwance shi ya duba ya sa hannu, in babu sa hannun nan jirgi ya zama gunki. Injin kuma kamfanin da ya ƙera shi ya ce a sabunta shi bayan awa 2,000, ko da yana kaɗawa lafiya.

A binciken bara bakaniken ya ce wata tiyon mai ta tsufa. Na samo irinta a shagon kayan mota, kuɗinta bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba, na kai masa da murnata. Ya juya ta ya miƙo mini, ya ce ba ta da takardar shaidar inda ta fito. Na yi masa irin ta gida, na ce tsakaninmu ne, zan ba shi na goro. Dattijon ya ajiye sifana ya dube ni, ya ce sunansa ne zai shiga littafin jirgin, kuma ƴaƴana ne za su zauna a kujerar baya. Kunya ta rufe ni. Na biya ta ainihi, muka jira mako uku kafin ta iso, jirgi na zaune. Haushin jiran yana nan, amma gaskiya tasa ce. Yanzu kafin kowane tashi ina tsiyayo mai daga ƙarƙashin fiffike a ƴar kwalba, in ɗaga ta sama in duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa. Duk lokacin sai na tuna ruwa-ruwan da muke ɗura wa babura ba tambaya, da kalmar nan tamu ta "za ta kai". A ƙasa in ba ta kai ba sai a tura. A sama ba gefen hanya.

Da na gaya wa Inna na ci jarrabawa ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗan nan, me ka rasa a ƙasa?" Na ce, "Inna, ki sa mini albarka kawai." Ta sa, ta ƙara da cewa in riƙa addu'ar hawa abin hawa, kuma ban taɓa tashi ban yi ba. Ita ta san tun ina yaro nake bin ƙaramin jirgin ƴan mishan da ido har ya ɓace.

Mutanen jihar nan suna alfahari da cewa a Kitty Hawk, ranar 17 ga Disamba 1903, Orville Wright ya tashi na daƙiƙa 12, har a lambar motocinsu sun rubuta. Amurka na da filayen jirgi kusan 5,000 da kowa ke iya sauka. Amma in na hau sama na ga korayen gonakinsu, Gulbi nake gani da lambunan rani, da tabkin Madarumfa. Nakan yi lissafi: Maraɗi zuwa Yamai ta sama wajen kilomita 540 ne, jirginmu zai yi shi ƙasa da awa uku, tafiyar da ke cinye wuni a bas. Mai haihuwar da ta gagara, ko wanda ya yi haɗari, ku auna. Na san hazon hunturu zai zaunar da matuƙi irina makonni, tun da da ido muke tashi, kuma man irin wannan jirgi wahalar samu gare shi a yankinmu. Duk da haka ba ilimin ne ya gagare mu ba, ga makarantar EAMAC nan a Yamai tana horar da masu kula da zirga-zirgar jirage da masana yanayi na ƙasashe da dama.

Kuma a daren nan na Oktoba, duk da fitilu da mota, ba wanda ya ce mini sannu da zuwa. Da a Tibiri ko Gidan Rumji hadari ya saukar da baƙo, kafin ya kwance ɗamara an kawo masa ruwa da fura, an yi rigimar gidan da zai kwana. Na ci abincina ni kaɗai a gaban talabijin, na yi kewar gida har ƙirjina ya yi nauyi.

Iyayen da suka tambaye ni hanyar da yaransu za su bi: a fara da Ingilishi, a gwada ido da jini tun a gida, kuma a yi tanadin awa 70, kada a dogara da 40 ɗin da ke takarda. Wanda zai zo nan kusa ya riƙo mini ƙuli-ƙuli da yaji. Kilishi kada a wahalar da kai, nama ba ya wuce kwastan ɗinsu.