Hoton ciki na watannin ƙarshe: abin da na gani a wata cibiya a Tarauni

Wurin ɗaukar hoton ciki ba ya wuyar samu a Kano. Daga Titin Zariya har Kurna, duk inda aka kafa allon ɗakin gwajin jini, da wuya a rasa sikanin a rubuce a ƙasansa. Mace ta shiga, a shafa mata man nan mai sanyi, kafin ta gyara kwanciya an ce mata namiji ne, kansa na ƙasa, yana motsi. Ta biya ta fito tana murna. Ga mai lafiyayyen ciki wataƙila hakan ya wadatar. Amma ga irina, mai shekara 38, ga hawan jini, ga ɗinkin tiyatar haihuwar baya, likitar da ke duba ni a wurin awo ta ce irin wannan takarda ba ta da abin da za ta yi da ita. Tun da ta ɗora tef a cikina ta ga tsawonsa bai kai makonninsa ba, ta rubuta mini hoton auna girman jariri haɗe da dofla, wato hoton da ke nuna gudun jini tsakanin mabiyiya da jariri, ta ce in nemi inda suke da na'ura mai kyau da kuma wanda ya iya aiki da ita. Wata cibiya mai zaman kanta a ɓangaren Tarauni na je, kuma a can na ci gaba da yi har na sauka. Ba zan kama suna ba, don akwai inda zan yaba, akwai inda zan kushe.

Kuɗin dai da ɗan nauyi. Ya kusa ninka na ɗakin hoton unguwarmu sau uku, kuma dofla kuɗinsa daban. Suna karɓar tiransifa da kati. Ɗakin jira a share yake, akwai fanka, akwai banɗaki mai ruwa, wanda duk mai cikin wata takwas ta san ba ƙaramin abu ba ne. Da aka ɗauke wuta janareta ya tashi nan take. Iyakar abin da zan ce kan gini ke nan, don ba shi ya kai ni ba.

Abin da ya sa na riƙe wurin shi ne abin da ya faru a ɗakin hoton. Matar da ta yi mini, kafin ta taɓa na'ura sai da ta karɓi katin awona ta karanta. Ta tambayi ranar da na ga al'adata ta ƙarshe, ta tambayi ko na yi hoto tun cikin yana ƙarami. Na miƙa mata wanda na yi a wata na uku, sai ta ce, "Alhamdulillahi Hajiya, kin sauƙaƙa mana aiki." Dalilinta kuwa shi ne, hoton farkon ciki ne ke faɗin shekarun ciki daidai, kuskurensa bai wuce 'yan kwanaki ba. Na ƙarshen ciki yana iya kaucewa da mako biyu har uku. To idan ba a san ainihin makonnin ciki ba, ta yaya za a ce jariri ƙarami ne ko babba? Wannan ne ma ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son kowace mai ciki ta yi hoto aƙalla sau ɗaya kafin mako 24. Mu kuwa a nan mace sai ciki ya tsufa take fara zuwa awo, wai kada a ce ta cika zumuɗi.

Ta juyo allon ta yadda zan gani. Ta auna faɗin kai da kewayensa, ta auna kewayen tumbin jaririn, ta auna ƙashin cinya. Wurin tumbin ta fi daɗewa. Jaririyar ta dunƙule, sai matar ta sa na juya gefen hagu, ta jira ta miƙe, ta sake aunawa har sai da da'irar ta fito sosai da ɗan baƙin tabon nan da ta ce shi ne cikin abincinta. Na tambaye ta me ya sa take ta nanata wannan awon. Ta ce idan mabiyiya ta fara gazawa, kamar yadda hawan jini kan jawo, jariri yakan karkatar da jininsa zuwa ƙwaƙwalwa, hanta ta rage ajiya, sai tumbi ya fara ja baya alhali kai yana girma yadda ya kamata. Wanda ya auna kai kaɗai zai ce komai lafiya.

Daga nan ta raba cikin gida huɗu ta auna zurfin ruwan da jaririyar ke kwance a ciki, ta haɗa jimilla. Nawa ya ba da santimita 9. Ta ce ƙasa da 5 ne ake cewa ruwa ya yi kaɗan. Ta duba inda mabiyiya ta kwanta, kuma saboda ɗinkina ta bi ƙasan mahaifa a hankali, don idan mabiyiya ta sauko ta zauna kan tsohon ɗinki tana iya manne wa naman mahaifa, wanda ke jawo zubar jini mai tsanani ranar haihuwa. Tawa tana sama ta baya.

Sai dofla. Allon ya cika da ja da shuɗi, ɗakin ya ɗauki wata ƙara, fuu, fuu, fuu, layi yana hawa yana sauka kamar haƙoran zarto. Gudun jini ne a cikin igiyar cibiyar jaririyar. Ta nuna mini da yatsa cewa ba tsinin sama take kallo ba, ƙasan take kallo, wato tsakanin bugun zuciya da bugun zuciya, ko jinin yana ci gaba da tafiya. Idan mabiyiya ta toshe sosai, layin nan yakan taɓa ƙasa, wani lokaci ma jinin ya riƙa komawa baya. Ta ce, "Ranar da na ga haka, daga nan ba gida za ki ba, asibiti za ki wuce." Na ji daɗin wannan maganar fiye da a ce mini kada ki damu. Na gaji da kada ki damu.

Takardar da suka ba ni bugun kwamfuta ce, kowane awo da lambarsa, da kiyasin nauyi, da jadawalin da ke nuna inda jaririyar ta faɗa a tsakanin sa'o'inta. A mako 32 an kiyasta kilo 1.6, ƙasa da matsakaici amma ba ta kai layin da ake tsoro ba. Layin shi ne jariri ya kasance cikin goma mafi ƙanƙanta idan aka jera ɗari masu makonni ɗaya. A mako 34 ta ba da kilo 1.8, tana kan layin. A mako 36 kilo 2, ta sauka ƙasansa, ruwa ya koma 7, dofla dai yana nan lafiya. Da takarda ɗaya na riƙe, ba wanda zai ga wannan gangarar. Sai da aka jera su ta fito. Shi ya sa nake ganin ya fi kyau mace ta tsaya wuri ɗaya, na'ura ɗaya, in da hali hannu ɗaya, maimakon yau Sabon Gari gobe Gyaɗi-Gyaɗi kowa ya ba ta nasa lissafin.

Su da kansu sun faɗa mini cewa nauyin kiyasi ne, ba sikeli aka ɗora ta ba, yana iya kaucewa da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari sama ko ƙasa. Kuma da hankalina ya tashi na koma kafin mako biyu su cika, matar ta ce dofla da ruwa za ta iya dubawa in likita ta buƙata, amma sake auna girma ɓarnar kuɗi ce, domin abin da jariri ke ƙarawa cikin 'yan kwanaki bai fi kuskuren na'urar ba. Mai neman kuɗi kawai da ya kwantar da ni ya karɓa.

Da waɗannan takardu likitata ta zauna da ni da maigida aka tsara haihuwa. Ta ce tun da jinina yana ta hawa duk da maganin da nake sha, furotin ya fara fita a fitsari, yarinya kuma ta rage girma, zaman cikin bayan mako 37 ya fi fitowarta haɗari. Na so in haihu da kaina, don mai ɗinki ɗaya tana iya gwadawa idan naƙuda ta zo da kanta kuma tana asibitin da za a iya shiga tiyata nan da nan. Amma tayar da naƙuda da magani a kan mahaifa mai ɗinki yana ƙara haɗarin ɗinkin ya yage, ga jaririyar da ba lallai ta jure doguwar naƙuda ba. Aka tsayar da tiyata, aka sa rana. Aka gwada yawan jinina, aka ce a tanadi leda biyu, ƙannen maigida suka je suka bayar tun kafin ranar. Ta kuma ce ko ina za mu je, ya zama inda ake da ɗakin kula da jarirai masu rauni da kwalba, irin Asibitin Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ba ƙaramin asibitin da zai tura mu gaba da tsakar dare ba. Ta lissafa abubuwan da in na gani ba zan jira rana ba: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki ta dama, kumburin fuska, jini, ko motsin yarinya ya ragu. Har maganar mota sai da aka yi. Tun da aka hana adaidaita sahu yawo daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe a 2022, fita da dare a unguwarmu sai mai abin hawansa, don haka maƙwabcinmu ya ce a buga masa ƙofa ko ƙarfe nawa ne.

Inda aka sha fama shi ne gida. Hajiyar maigida ta ce ƙaramin ɗa ai sauƙin haihuwa ne, ita duk nata ƙanana ta haifa kuma ga su nan ƙatti, don me za a fasa ciki watansa bai cika ba? Ban ga laifinta ba, abin da ta sani ta faɗa. Maigida ne ya ɗauki jadawalin nan ya je ya zauna gabanta, ya ce, "Hajiya, dubi nan. Ba wai ƙarama ce tun asali ba, tafiya take tana ja baya." Ta daɗe tana kallon ɗigon nan da ke sauka, sannan ta ce Allah Ya sauke ta lafiya. An ciro yarinya da kilo 2.2, ta yi kuka da kanta, ta ɗan kwana ƙarƙashin kulawa saboda sugan jininta, muka dawo gida.

Yanzu ga inda suka gaza. Na farko jira. Ana ba ki lokaci a waya, ki zo a kan lokaci, ki tarar ba a bin komai sai wanda ya riga zuwa, wani lokaci kuma a shigo da wata da rakiyar ma'aikaci a wuce da ita ciki kowa na kallo. Mace mai hawan jini da kumburarriyar ƙafa ta zauna kan kujerar roba daga hantsi har azahar, wannan ba daidai ba ne, kuma babu ko na'urar awon jini a ɗakin jiran, a wurin da rabin masu zuwa hawan jini ne ya kawo su.

Na biyu, matar da nake yabo ba kullum take zama ba. Wasu ranakun namiji ne, kuma ba a faɗa miki sai kin biya kin shiga. Na taɓa faɗawa hannunsa. Aikinsa ba laifi, lambobinsa sun yi daidai da jerin, amma bai ce mini uffan ba, allon yana gabansa shi kaɗai, da na yi tambaya ya ce likitarki za ta yi miki bayani. Kuma sai da na nemi a kira mini nas ta tsaya a ɗakin. A garin nan akwai matan da a kan wannan kaɗai mazajensu za su hana su komawa, kuma su ne za su cutu.

Na uku, yarinyar da ke kan teburin karɓar kuɗi tana ta tallan hoton nan mai nuna fuskar jariri, wai a tura wa dangi a WhatsApp, tana yi wa kowa har da wadda ta fito tana hawaye. Hoton fuska bai gaya wa likita komai game da mabiyiya ba. Na ga wata baiwar Allah daga Rijiyar Lemo, da takardar likita a hannunta an rubuta dofla, kuɗinta ba su isa biyu ba, yarinyar tana neman karkatar da ita ga mai fuskar. Sai da na sa baki na ce, "Yaya, abin da likita ya rubuta shi za ki yi, fuska kya gan ta ranar suna."

Sannan ba su da wata hanya ta sadarwa da likitan da ya turo ki. Takarda ce a hannunki, ke za ki kai. Idan ranar awonki sai mako mai zuwa, haka za ta zauna a jaka. Ni da na ga sakamakon mako 36 ban jira ranar awo ba, washegari da sassafe na je na nemi likitata, kuma ta ce gara da na zo. Wadda ba ta iya karanta Turanci ba, aka miƙa mata ambulan ba bayani, ita fa? Layi biyu da Hausa a ƙasan takardar, cewa a kai wa likita yau ko a kai ranar awo, da ya wadatar.

Wadda likita ta tura saboda hawan jini, ciwon suga, sikila, tagwaye, tsohon ɗinki ko cikin da ya taɓa lalacewa a watannin ƙarshe, zan ce ta je, kuɗin bai faɗi ƙasa ba. Ta riƙo katin awo da hoton farkon ciki da duk takardun baya, ta ci abinci kafin ta fito don ba a buƙatar azumi, ta taho da ruwan sha da wadda za ta riƙe mata layi. Ta kuma kira tun da safe ta tambaya ko macen ce ke aiki ranar, kada ta biya sai an ba ta amsa.