Matplotlib ko Plotly, wanne za ka fara da shi?

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce kana da farashin masara na kowane wata a Excel, furojet ɗinka na ƙarshe ne, kuma ka fara taɓa Python amma ka rasa wanda za ka kama tsakanin Matplotlib da Plotly, kayan aikin Python guda biyu na mayar da alƙaluma zane. To ga yadda nake ganin su.

Matplotlib shi ne tsohon hannu, John Hunter ya fito da shi a 2003, masanin ƙwaƙwalwa ne da yake son zana sakamakon bincikensa irin yadda ake yi a MATLAB, wata manhajar lissafi. Abin da yake ba ka hoto ne tsayayye, PNG ko PDF. Ka shigo da shi da import matplotlib.pyplot as plt, ka rubuta plt.plot(wata, farashi), shi kenan layi ya fito, in sanduna kake so sai plt.bar. Amma fa komai sai ka gaya masa, sunan gefen ƙasa plt.xlabel, na gefen hagu plt.ylabel, kan magana plt.title, in ka ƙi rubutawa haka zai bar maka zanen tsirara ba suna ba komai. Wasu na ganin wannan wahala ne, ni kuwa a nan nake ganin amfaninsa, don dole ka san me kake zanawa kafin ya fito.

Plotly kuma na wani kamfani ne a Montreal ta ƙasar Kanada, kuma tun da suka kawo Plotly Express a 2019 abin ya yi sauƙi ƙwarai, layi ɗaya px.line(df, x="wata", y="farashi") ya ba ka zane har da sunayen gefuna, df ɗin nan teburin alƙalumanka ne. Kyansa a allo yake, ka ɗora maus kan wata ɗaya ya nuna maka farashin, ka zuƙo wani sashe, ka kashe layin gero ka bar na masara. Sai dai a cikin burauza yake rayuwa, fayil ɗin HTML da yake fitarwa yakan haura megabait uku ko da zanen ɗan ƙarami ne, kuma in kana son hoto kai tsaye daga kod sai ka ƙara girka wani abu wai shi kaleido.

Yanzu kai ina zanenka zai ƙare? A Word, daga nan a buga a takarda supabaiza ya duba da jan biro. Takarda ba ta san maus ba, duk wancan motsin na Plotly ya tashi a banza. Shi ya sa nake ce maka ka kama Matplotlib, ka ajiye da plt.savefig("masara.png", dpi=300) don kar hoton ya dushe wajen bugawa. Kuma don Allah ka sa savefig kafin plt.show(), in ka juya su sau da yawa farin hoto fayau za ka tarar, wannan ya sa masu koyo da yawa sun ɗauka kwamfutarsu ce ta lalace. Wani abin da ke min daɗi, salon haruffan da Matplotlib yake zuwa da shi, DejaVu Sans, yana fitar da ƙ da ɗ da ɓ lafiya lau, za ka iya rubuta kan magana da Hausa.

Ga wata riba kuma, df.plot() na pandas (mai sarrafa teburin alƙaluma a Python) da Seaborn (wani kayan zane) duk a kan Matplotlib suke zaune, in ka iya shi ka iya gyara nasu. In laftof ɗinka ba ƙarfi buɗe Google Colab, shafin da ake rubuta Python a intanet, Matplotlib da Plotly duk suna ciki ba sai ka girka ba. Ranar da za ka nuna aikin a majigi ko ka ɗora shi a shafin intanet, lokacin ka koma wa Plotly, ba zai ba ka wuya ba. Ka turo sunayen ginshiƙan da ke cikin Excel ɗin mu ga ko layi ya fi dacewa da su ko sanduna.