'Yar tocilar biro da na yi aikin ido da ita

Ana gobe hutu malaminmu ya ba mu aiki: kowa ya gwada yadda ɗigon nan na tsakiyar baƙin ido yake tsukewa in haske ya dake shi, ya rubuto rahoto. A wani kemis a Ringim na sayi 'yar tocila mai siffar biro, naira 2,500, na taho da ita ƙauyenmu. Ba suna a jikinta, batir biyu take ci, irin na rimot.

Da fitilar waya na fara gwadawa. Nan take ƙanena ya runtse ido, hawaye shar. Hasken waya fari ne fat, ga shi yana bazuwa ya cika idanu biyu lokaci guda, alhali abin da ake nema shi ne a haska ido ɗaya a ga ɗayan ma ya tsuke. Saƙon hasken yana bin jijiyar gani, ta 2 cikin jijiyoyi 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa, can ciki ya rabu dama da hagu, sannan umarni ya dawo wa idanu biyun ta jijiya ta 3. In hasken fitilar ya tsallaka ya shiga ɗaya idon, me za ki rubuta? Tocilar nan kuwa haskenta siriri ne, ruwan ɗorawa. Na sa yaron ya tsayar da tafin hannunsa a kan karan hanci, na haska na dama, na hagu ya tsuke a cikin duhu. Na sha karanta wannan, amma da na gani da idona sai da tsigar jikina ta tashi.

Inda ta fi burge ni shi ne idanunmu. Hotunan littafi duk na masu shuɗin ido ne, ɗigon a fili. Namu baƙi ne cikin baƙi. Sai da na koyi shigo da hasken ta gefe, daga wajen kunne, sannan bakin ɗigon ya fito sarai. A jikin tocilar an zana ɗigogi da girmansu a milimita, karawa kawai za ki yi kusa da ido ki kwatanta. A ɗakin Inna bayan magariba, na ƙanena ya sauko daga 6 zuwa 3. Na Kaka tun a duhu bai wuce 4 ba, dama tsufa yana rage shi.

"Ke 'yar nan, me kike nema a idona?"

"Kaka, ki daure ki kalli bangon can, kada ki kalle ni."

Dole ne wannan, domin kallon abu na kusa ma yana tsuke ɗigon, sai lissafi ya rikice.

Aibinta biyu. Batirin da ta zo da shi kwana uku ya yi ya fara lumshewa, kuma haske mai rauni yana canza sakamako, sai da na sake gwajin mutum biyu. Sannan zanen ɗigogin fenti ne kawai, gumin hannu ya fara cin lamba 5. Na naɗe wurin da farin salatif.

'Yan ajinmu da ba su saya ba tukuna, ku sa mai kemis ya kunna muku a gabanku, ku zaɓi mai ruwan ɗorawa, ku haɗo da sabon batir tun daga gari.